Tsarin Ɗorewa a Kamfanoni: Darasi Daga Masana'antar Siminti ta Kalambaina

Gabatarwa

Duk wanda ya bi Titin Sama a cikin birnin Sakkwato zai lura cewa gidaje da ofisoshi da shagunan da ke gefen hanyar na bulo ne da siminti. Haka abin yake a sauran sababbin unguwannin birnin, domin ginin ƙasa da tubali sai ja da baya yake yi shekara bisa shekara. Simintin nan kuwa ba daga nesa yake fitowa ba, ana sarrafa shi ne a Kalambaina, cikin ƙaramar hukumar Wamakko, a bayan gari kaɗan. Saboda haka ke nan lafiyar wannan masana'anta da irin zaman da take yi da ƙasa da jama'a abu ne da ya shafi kowane mazaunin birnin, da mai gini da wanda bai taɓa sayen buhu ɗaya ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake kira tsarin ɗorewa a kamfanoni, da kuma matakan da ake bi wajen gina shi har ya yi aiki. An zaɓi masana'antar Kalambaina ta zama abin misali saboda ita ce masana'anta mafi girma a Jihar Sakkwato, kuma ta shekara fiye da hamsin tana aiki. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsarin ɗorewa na gaskiya yana farawa ne daga ainihin sana'ar kamfani, wato daga mahaƙar dutse da tanderu da littafin lissafi, kuma ya sha bamban da kyauta.

Ma'anar Ɗorewa

A Hausa idan aka ce abu ya ɗore, ana nufin ya ci gaba bai yanke ba. Tunanin da ke cikin kalmar tsoho ne a wurin Bahaushe. Manomi ba ya cinye hatsinsa duka, sai ya ware iri na baɗi. Ba ya sare gawon da ke tsakiyar gonarsa, domin ya san ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. A Argungu ma an daɗe da hana su a Matan Fada sai lokacin da aka ƙayyade, don kifi ya samu damar hayayyafa. Duk waɗannan dabaru ne na cin amfanin yau ba tare da an kashe na gobe ba.

A fagen duniya kuwa, wannan tunani ya samu gindin zama ne a 1987, lokacin da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin Gro Harlem Brundtland, Firayim Ministar Norwe ta wancan lokaci, ya fitar da rahotonsa. Jigon rahoton shi ne, ya kamata mutanen yau su biya bukatunsu ta hanyar da ba za ta hana na baya biyan nasu ba. A 2015 Majalisar ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, a shekarar ce kuma aka ƙulla yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi.

Idan aka dawo kan kamfani, masana sun kasa ɗorewa gida uku, tamkar duwatsun murhu. Na farko shi ne riba, domin kamfanin da ba ya cin riba rufewa zai yi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daina aiki a 2002, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Na biyu shi ne muhalli, wato ƙasa da ruwa da iskar da kamfanin ke amfani da su. Na uku kuwa jama'a, wato ma'aikata da maƙwabta da masu saye. In ɗaya daga cikin duwatsun nan ya goce, tukunya ba za ta zauna ba. Tsarin ɗorewa shi ne rubutaccen shirin da kamfani ke bi don ya riƙe ukun a lokaci guda.

Taƙaitaccen Tarihin Masana'antar

Asalin arzikin Kalambaina dutsen farar ƙasa ne. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki, kuma ɓawon halittun da suka rayu a cikinsa shi ne ya taru ya daskare ya zama wannan dutse. Abin lura a nan shi ne, abin da ya ɗauki miliyoyin shekaru kafin ya samu, in an haƙe shi ba ya tofowa.

An kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Nijeriya a 1962, a zamanin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ya fara aiki a 1967 da ƙarfin sarrafa tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙaddamar da sashe na biyu mai ƙarfin tan 500,000, sa'an nan aka rufe na farko saboda tsadar gudanar da shi. A shekarar 2000, cikin shirin sayar da kamfanonin gwamnati, kamfanin Scancem na ƙasar Norwe ya zama babban mai jari. Daga baya ragamar ta koma hannun Damnaz a 2008, sai kuma rukunin kamfanonin BUA na Alhaji Abdussamad Isyaku Rabi'u a 2010.

Daga nan ne girman masana'antar ya sauya gaba ɗaya. A 2018 aka buɗe sabon sashe mai tan miliyan 1.5. A watan Janairu na 2020 aka shigar da kamfanin BUA Cement a kasuwar hannun jari ta Nijeriya bayan an haɗe kamfanin Sakkwato da na Obu da ke Jihar Edo. A Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da wani sashe mai tan miliyan 3, aka kuma ƙara wani irinsa a 2024. Wato ƙarfin masana'antar ya kai wajen tan miliyan 8 a shekara, ninki 80 ke nan na abin da aka fara da shi. Tun da kowane tan buhu 20 ne, mai karatu na iya ƙiyasta yawan dutse da makamashi da motocin da wannan aiki ke ci. Girma irin wannan shi ke sa maganar tsari ta zama tilas.

Mataki na Farko: Gane Inda Nauyin Yake

Kowace sana'a da irin ɓarnar da ta keɓanta da ita. Majemi ruwa yake gurɓatawa, mai gidan burodi itace yake ƙonawa. Don haka abu na farko da kamfani zai yi shi ne ya zauna ya jera duk hanyoyin da aikinsa ke taɓa muhalli da jama'a, sa'an nan ya ware waɗanda suka fi nauyi. Kamfanin siminti da ya mai da hankali kan rage takardun ofis alhali tanderunsa na ci dare da rana, ya bar jaki yana dukan taiki.

Don a gane inda nauyin yake a wannan sana'a, sai an san yadda ake yin siminti. Ana fasa dutsen farar ƙasa a niƙe shi tare da laka, a zuba garin cikin wani dogon tanderu mai juyawa, a gasa shi da zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ke fitowa wasu dunƙule-dunƙule ne da ake kira kilinka, su ne ake sake niƙawa da ɗan ma'adinin jifsam su zama siminti. A wajen gasawar nan iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, tana fita ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce daga makamashin da aka ƙona. Ta biyu, wadda ta fi yawa, daga jikin dutsen kansa take fita idan zafi ya warware shi, kuma ita ce kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da ke fita. Ma'anar wannan ita ce, ko da za a hura tanderun da wutar da ba ta hayaƙi, fiye da rabin matsalar na nan. Wannan ne ya sa masana'antun siminti ke da alhakin kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya.

Ban da iskar kabon akwai ƙura, wadda ke shafar huhun ma'aikata da maƙwabta da ganyen amfanin gona. Akwai filayen noma da mahaƙa ke ci, da ramukan da take bari. Akwai ruwa, a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu, kuma bai manta da farin 1973 da na 1984 ba. Akwai kuma sufuri. Layin dogo ya tsaya ne a Ƙauran Namoda tun 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, saboda haka duk buhun da zai tafi Gusau ko Birnin Kabi, ko ya ƙetara iyakar Illela zuwa Birnin Ƙonni, a bayan tirela zai tafi. Waɗannan biyar su ne ginshiƙan da tsarin kowace masana'antar siminti a wannan yanki ya kamata ya tsaya a kansu.

Mataki na Biyu: Awo

Bayan an gane matsala sai a auna ta. 'Yan kasuwar hatsi ba su yarda da ciniki ba mudu, haka nan ba a yarda da tsarin ɗorewa ba alƙaluma. Kamfani zai zaɓi shekara ɗaya ta zama mafari, ya rubuta iskar kabon nawa ya fitar a kan kowane tan na siminti, ruwa lita nawa ya sha, ƙura nawa ta fita daga bututun hayaƙi, ma'aikata nawa suka ji rauni, eka nawa aka haƙa, eka nawa aka cike aka mayar. A matsakaicin lissafin duniya, tan ɗaya na siminti na fitar da kusan kilo 600 na iskar kabon, wato kowane buhu mai kilo 50 na da rabon kusan kilo 30.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Kamfani na iya rage abin da yake fitarwa a kan kowane tan, amma jimillar ta ƙaru saboda ya ninka abin da yake sarrafawa. Masana'antar da ke bunƙasa kamar ta Kalambaina ta fi kowa fuskantar wannan. Awo na adalci shi ne wanda ya nuna fuska biyun, na kowane tan da kuma na jimilla.

Mataki na Uku: Buri Mai Wa'adi da Hanyar Cim Masa

Cewa za a kyautata muhalli fata ne kawai. Yana zama buri ne in an ce za a rage kaza daga kaza kafin shekara kaza. Nijeriya kanta ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take shanyewa kafin 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekara. Sai dai wa'adi mai nisa irin wannan yana bukatar a yanka shi zango-zango na shekara biyar-biyar, domin shugaban kamfanin da ya yi alkawarin 2060 ba shi zai ba da amsa ba ranar da wa'adin ya cika.

Hanyoyin da masana'antar siminti ke da su sanannu ne. Ta farko ita ce sauya makamashi, daga baƙin mai da kwal zuwa iskar gas da kuma sharar gona. Ɓuntun shinkafa da ke taruwa tsibi-tsibi a masana'antun casa na Argungu da Birnin Kabi makamashi ne mai kyau ga tanderu. Amma ko a nan sai an yi hattara, domin karan dawa da na gero, alal misali, abincin dabbobi ne kuma kayan danni, in masana'anta ta shiga sayensu makiyayi da talaka za su ji a jikinsu. Ta biyu ita ce rage yawan kilinka a cikin buhu. Masana a ƙasashen Suwizalan da Kuba da Indiya sun samar da wani nau'in siminti da ake haɗawa da gasasshiyar laka da garin farar ƙasa, wanda ke iya rage iskar kabon har da kusan kashi 40 cikin ɗari, saboda laka na gasuwa a zafin da bai wuce digiri 800 da ɗoriya ba. Ta uku ita ce kama zafin da ke fita daga tanderu a mayar da shi lantarki, da kuma cin gajiyar hasken rana, wanda Allah ya hore wa Sakkwato. Ta huɗu ita ce kama iskar kabon a binne ta, kamar yadda aka fara a masana'antar Brevik ta Norwe a 2025, sai dai tsadarta ta sa ba ta kusa da hannun masana'antun Afirka tukuna.

Mataki na Huɗu: Jama'a

Tarihin wannan yanki ya riga ya koyar da abin da ke faruwa idan babban aiki ya ci gonaki ba a daidaita da masu su ba. A Bakolori, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato, rikicin diyyar filaye tsakanin manoma da hukumar aikin madatsar ruwa ya kai ga asarar rayuka a watan Afrilu na 1980. Aikin an yi shi ne don amfanin manoma, amma rashin sauraronsu ya mai da shi abin baƙin ciki.

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da ke masaukinsa kafin ya fara aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk shekara biyar. Tsari mai inganci kan wuce abin da doka ta tilasta. Yakan tanadi hanyar kai kuka wadda manomi marar ilimin boko zai iya bi, a harshen da yake ji. Yakan tabbatar an ji ta bakin mata da matasa da makiyaya, ban da hakimai da dagatai. Yakan kuma lura cewa diyyar kuɗi na ƙarewa cikin shekara ɗaya ko biyu, gona kuwa gado ce da ke ciyar da jikoki, don haka wanda aka tayar yana bukatar wata hanyar abinci mai ɗorewa.

A nan ne ya dace a bambance kyauta da hakki. Gina aji, da haƙa rijiyar burtsatse, da raba magunguna, da tallafin karatu, duk ayyukan alheri ne da suka cancanci yabo. Amma kamfani na iya yin su bana ya fasa baɗi, ba mai tuhumarsa. Tace ƙura, da cike ramin mahaƙa, da biyan diyya daidai, da ba ma'aikaci takunkumin hanci da hular kwano, waɗannan hakkoki ne da aikin kamfanin ya haifar. Hausawa kan ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kyauta komai yawanta ba ta sauke hakki.

Mataki na Biyar: Alhaki da Kuɗi

Tsarin da aka damƙa wa jami'in hulɗa da jama'a shi kaɗai a cikin durowa yake kwana. Wajibi ne hukumar daraktoci ta ɗauke shi a kanta, a sa masa kaso a kasafin kuɗi, a kuma ɗaura ladan manajoji da cika burin da aka tsara, kamar yadda ake ɗaura shi da yawan ciniki. Injiniyan da ke kula da tanderu da direban tirela su ne masu aiwatarwa, don haka sai an horar da su sun san dalilin abin da ake nema.

Masu ba da bashi ma sun shigo cikin maganar. A 2023 hukumar Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu ta jagoranci haɗa bashin dala miliyan 500 don faɗaɗa masana'antar Sakkwato, tare da Bankin Raya Afirka da wasu cibiyoyi. Cikin abubuwan da aka ambata a sanarwar akwai amfani da makamashin shara da hasken rana, da maye gurbin wasu motocin dizal da masu amfani da gas. Wannan hukuma tana da ƙa'idoji 8 na muhalli da zamantakewa da take ɗora wa masu karɓar bashinta, na biyar daga ciki ya shafi karɓar filaye da sake tsugunar da jama'a. Darasin da ke nan shi ne, kyakkyawan tsari ya zama mabuɗin samun jari mai rahusa.

Mataki na Shida: Bayyana Gaskiya

Mataki na ƙarshe shi ne kamfani ya buga rahoto duk shekara, ya nuna inda ya cika alkawari da inda ya gaza, wani mai bincike daga waje kuma ya tantance alƙaluman. Dokokin ƙasa sun daɗe suna matsawa ta wannan fuska. Bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli a shekarar, ta kafa dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli a 1992, sa'an nan a 2007 aka kafa hukumar tilasta bin ƙa'idojin muhalli. A 2023 kuma aka fitar da ƙa'idojin duniya na rubuta rahoton ɗorewa, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fara bayyana niyyar bin su.

Haɗarin da ke nan shi ne ado da kalmomi. A 2015 aka gano cewa kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata dabara da ke ɓoye yawan hayaƙinsu lokacin gwaji, alhali yana tallar su a matsayin masu tsabta. Tarar da ya biya da mutuncin da ya zubar sun ninka abin da gyaran gaskiya zai ci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kammalawa

An ga yadda tsarin ɗorewa ke ginuwa daki-daki: a gane inda nauyi yake, a auna shi, a sa buri mai wa'adi, a daidaita da jama'a, a ɗora alhaki a kan shugabanni, a kuma bayyana sakamako. Matakan nan ba su keɓanta ga manyan masana'antu ba. Mai buga bulo, da mai gidan burodi, da mai sarrafa ruwan leda a Titin Sama, kowannensu na iya tambayar kansa abin da sana'arsa ta fi ci daga ƙasa da jama'a, ya fara daga nan.

Game da Kalambaina kuwa, akwai ranar da dutsen zai ƙare, ko ta yi nisa. Abin da zai nuna ingancin tsarin da aka bi shi ne halin da za a bar filin da mutanensa a ciki a wannan rana. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Rahotanni da yarjejeniyoyin da aka ambata galibi da Turanci ake rubuta su, waɗanda abin ya fi shafa kuwa Hausa da Fulatanci suke ji. Fassara su, da ƙirƙiro kalmomin da za su ɗauki ma'anarsu daidai, shi zai ba manomin Wamakko damar karanta alkawarin da aka yi masa, ya kuma nemi a cika shi.